Yadda Na Kayar da Lamba Bakwai

Ban taɓa haɗa waƙa biyu ba a rayuwata. Gara in faɗi wannan da bakina tun da fari, kafin wani ya taya ni faɗa. Abin da na iya shi ne magana a kan masu haɗawa. Na yi 'yan rubuce-rubuce a kan kiɗan zamani, an ɗan kira ni gidan rediyo na yi sharhi, kuma ina da hedifon mai tsada da nake ratayawa a wuya ko ba abin da nake saurara. A Bauchi wannan ya isa a kira mutum masani. Saboda haka da wasu samari masu shirya taro suka same ni har gida suka ce suna so in shugabanci alƙalan gasar DJ da za su yi, ban ce su bar ni in yi shawara ba. Tambayata ɗaya ce: za a sa sunana a fosta?

Wanda bai san garin ba zai ɗauka DJ ko'ina DJ ne. A Bauchi iri biyu ne, kuma ba kasafai suke shan inuwa ɗaya ba. Akwai na ɓangaren ɗalibai: Yelwa inda jami'ar ATBU take, Gwallameji wajen kwalejin fasaha ta tarayya, da Wuntin Dada a kan hanyar Jos. Waɗannan kunnensu yana Legas. Abin da ya fito jiya, yau yana cikin kwamfutarsu. Sai na cikin gari, su Jahun, Bakaro, Nasarawa, Ƙofar Dumi, masu loda sifika a Keke Napep su nufi gidan kamu ko wuni. Su ba abokai suke burgewa ba. Aikinsu su tayar da ƙawayen amarya ba tare da sun zaunar da gwaggwanninta ba, su san lokacin rage kiɗa don mai liƙi ta ji an ambaci sunanta, su kashe komai ɗif da an kira salla. Kuma suna wannan sana'a ne a jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 2001, inda ba a rasa malamin da zai yi wa'azi a kansu, ko uban da zai ce ba dai a ƙofar gidansa ba. Samarin suka ce burinsu su haɗa ɓangarorin biyu a dandamali ɗaya. Niyya mai kyau. Sai suka damƙa ta a hannuna.

Farkon ɓarnar da biro na yi ta, a kan teburina, tun ba a ja wayar sifika ko ɗaya ba. Na shiga intanet na karanta yadda manya suke yi. Na karanta labarin gasar DMC da Tony Prince ya kafa a Ingila a 1985, wadda ake ba kowane ɗan takara minti shida ya nuna abin da ke hannunsa. Na karanta ta Red Bull 3Style, mai minti goma sha biyar, wadda a lokacin da ake yin ta dole ka taɓo aƙalla nau'in kiɗa uku. Na haddace sunayen don in yi ta jefa su a taron shiri, kuma na jefa su, har wani yaro ya ciro takarda yana rubutawa. Sannan na raba maki ɗari: 40 na daidaita bugu, 30 na santsin sauyi daga waƙa zuwa waƙa, 20 na zaɓen waƙa, 10 na yadda jama'a suka karɓa. Mutanen da aka yi kiɗan dominsu, kashi ɗaya cikin goma na yanka musu.

Bari in yi bayanin daidaita bugun nan, don a kansa komai ya rushe. Kowace waƙar rawa tana da saurinta, ana ƙirga shi da yawan bugu a minti ɗaya. Amapiano, kiɗan da ya taso daga unguwannin Pretoria da Johannesburg, su Kabza De Small da DJ Maphorisa suka yaɗa shi, su Asake suka shigar da shi kowane lungu na Najeriya a 2022, yakan yi tafiya wajen 110 zuwa 115. In DJ zai fita daga wata waƙa ya shiga wata, sai ya ja saurin ɗaya ya dace da na ɗayar, ya ɗora bugu a kan bugu, ta yadda mai rawa ba zai san inda aka yi ɗinki ba. Francis Grasso ne ake jingina wa fara wannan dabara a New York a ƙarshen shekarun 1960, da kunne da yatsa a kan faifan garmaho. A zamaninsa gwaninta ce. Yau kuwa Virtual DJ da Serato da ire-irensu suna rubuta maka saurin kowace waƙa ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfuta, kuma akwai maɓalli ɗaya da in ka danna, na'ura ta daidaita maka. Wato abin da na ware wa maki mafi tsoka shi ne abin da ɗan shekara goma zai yi da yatsa ɗaya. Wannan bai faɗo mini ba a lokacin. Ina can ina gyara layukan takardar da rula.

Mu uku ne alƙalan. Akwai wata Hajiya mai shirya bukukuwa, wadda ta ɗauki DJ haya fiye da yadda na taɓa ganin DJ. Akwai kuma wani dattijo makaɗin kalangu da samarin suka gayyato, suka ce don albarka. Ni ma haka na ɗauke shi, albarka, kamar yadda ake ajiye babban baƙo a gaba a ba shi ruwan roba. Ba ya rubutun boko, sai aka zaunar da wani yaro kusa da shi yana rubuta masa maki. Da na karanta masa rabe-raben takardata, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To, Malam, Allah Ya ba mu ikon yin adalci.” Na ce amin da ƙarfi.

Mataki na gaba ma da kyakkyawar hujja na ɗauke shi. Ana yawan ƙorafin cewa wasu kan zo da haɗin da suka riga suka yi a gida, ko suka sauke na wani, su kunna, su tsaya suna murɗa maɓallan banza. Don in toshe wannan ƙofa, na sa aka ja waya daga kwamfutar kowane ɗan takara zuwa wata 'yar talabijin a kan teburina, duk abin da yake gani ina gani. Hajiya da Baba mai kalangu suna fuskantar dandamali da jama'a. Ni ina fuskantar gilashi.

Aka fara bayan la'asar a wani ɗakin taro, janareta na ruri a waje. Na farkon ba su da abin faɗa. Lamba Huɗu ne ya fara girgiza wurin: ɗalibi, tsaf-tsaf, sabuwar kwamfuta, amapiano tun daga farko har ƙarshe. A gilashina lambobi suna tafiya kamar an jera su da hannu, 112 da 112, 113 da 113. Ya kuma ƙure sauti har fitilun na'urar suka koma ja, bes yana dukan ƙirji. Ni da nake taƙama da karatu na san cewa tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna kunnen ɗan Adam ya fi jin ƙasan sauti da samansa idan an ƙara ƙarfi, shi ya sa abu mai ƙara kan yi kamar ya fi armashi ko da bai fi ba. Alƙalin kirki zai sa a daidaita ƙarfin sautin kowa tun kafin a fara. Ban sa ba. Na zuba masa maki ina gyaɗa kai.

Sai Lamba Bakwai. Siririn yaro ne daga cikin gari, da silifas, da kwamfutar da aka ɗaure murfinta da salatif. Kafin ya taɓa komai na riga na san makinsa a raina. Wannan ma sai daga baya na yarda na faɗa wa kaina. Sautinsa bai kai na Lamba Huɗu ba, fitilunsa ba su wuce kore ba. Ya fara da waƙoƙin fiyano na biki, ya ratsa ta Afrobeats, ya sauka a amapiano, lafiya lau. Can wajen tsakiya sai na ga ya ɗora wata waƙa a ɓangaren dama. Na duba. Hagu 114. Dama 76. Tsohuwar waƙar amada ce, irin ta zamanin su Barmani Choge da Uwaliya Mai Amada, ƙwarya da tafi da amshin mata, ɗaukar da har kana jin shuuu ɗin kaset a bayanta. Bai ja saurinta sama ba. Bai danna maɓallin daidaitawa ba. Ya rage bes ɗin amapiano, ya bar kacau-kacau da bugun ƙasa, ya turo ƙwaryar a kai.

Na fara ƙirgawa da biro a kan tebur, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ƙwaryar ta faɗo daidai a kan ɗaya, ta kauce a biyu, ta kauce a uku, ta dawo a huɗu, a zagaye na gaba kuma ta faɗo wani wuri daban. Na ce shi ke nan, mota ta ƙwace. Ina kallon hannunsa yana ta taɓa faifan dama, ɗan turi, ɗan riƙo, ɗan turi. Na rubuta a gefen takarda: hannu na rawa, ya rikice. Daga bayan ɗakin aka rangaɗa guɗa, 'yan mata suka miƙe, har masu sayar da ruwa a bakin ƙofa suka leƙo. Wannan ma na samo masa fassara nan take: tsohuwar waƙa ce ta tuna musu da iyayensu, ba gwanintarsa ba. Ai maki goma ne, su je su ci. A cikin 40 na daidaita bugu na ba shi 8.

Da a nan na tsaya, da kuskure ne irin na kowa. Amma an tsara cewa shugaban alƙalai zai yi wa kowane ɗan takara tsokaci, kuma makirufo a hannun mai son a san ya sani masifa ne. Na miƙe na gyara hedifon a wuya, na ce:

“Ƙanena, 114 da 76 ba sa zama gida ɗaya. Ka koma ka koyi ƙirga ɗaya zuwa huɗu, sannan ka dawo ka hau dandamali.”

Ɓangaren ɗalibai ya fashe da dariya da tafi. Wayoyi suna sama suna ɗauka. Na ji daɗin dariyar nan, ba zan ɓoye ba, har na ɗan dakata don ta gama. Yaron ya rusuna ya ce, “Na gode, Yallaɓai,” ya zare wayarsa ya sauka.

Da na zauna, Baba ya matso da bakinsa kusa da kunnena. “Malam, yaron nan fa bai saki ba. Ko sau ɗaya.” Na yi murmushin da ake yi wa tsoho in ya tsoma baki a zancen waya, na juya masa talabijin ɗin, na nuna masa lambobin. “Baba, wannan lissafi ne na na'ura, ba ya ƙarya.” Ya dubi gilashin, ya dube ni, ya ce, “To.” Bai canza makinsa ba. Hajiya ce ta canza. Ta riga ta rubuta masa mai yawa, amma da ta ji jawabina sai ta karɓi birona ta soke, tana cewa, “Ku ne masana, mu dai daɗi muka ji.” Da aka tara, Lamba Huɗu ya ɗauki kyautar, sabuwar na'urar haɗa kiɗa da 'yan kuɗi a ambulan. Tazarar da ke tsakaninsa da Lamba Bakwai ba ta kai abin da Hajiya ta soke ba.

Na koma gida ina jin na yi wa sana'a hidima.

Bayan wani lokaci aka yi bikin wata 'yar'uwarmu a cikin gari. Ranar wuni aka aike ni kai lemo, na tsaya a bakin zaure ina jiran a turo yara su kwashe, tunda ba wurin maza ba ne. Daga inda nake ina hango tsakar gidan: mata cikin anko, kujerun roba, DJ a can ƙarƙashin rumfa ya ba ni baya. Amapiano ke tashi, 'yan mata sun cika fili, tsofaffi suna zaune a gefe suna fifita da bakin gyale, fuskar nan ta masu jiran a gama shirme. Sai na ji bes ya janye. Sai ƙwarya.

Na gane haɗin kafin in gane yaron.

Goggona ce ta fara miƙewa, mace mai ciwon gwiwa da ba ta tashi sai an kama ta. Sauran suka bi ta. Abin da na zuba ido in gani shi ne 'yan matan su tsaya, ko su rikice, tunda a ilimina mota ta ƙwace. Ba wadda ta tsaya. Suna nan a kan takunsu na amapiano, tsofaffin sun shigo da nasu takun mai nauyi, kafaɗa na sauka a hankali, fili ɗaya, lokaci ɗaya, ba mai taka wata. Taku uku na yara, biyu na manya, su haɗu. Uku, biyu, su haɗu. Ba gilashi a gabana, ba biro a hannuna, ba wanda ya san ni masani ne. Can na ji wani ƙas-ƙas kusa da ni. Na duba. Makullin mota ne a hannuna, ina buga shi a kan kiret ɗin lemo, daidai da tafin su Goggo. Ƙafata kuma, ta dama, tana can tana bin 'yan mata. Ban san tun yaushe suke yi ba. Jikina yana yin abin da na miƙe a gaban jama'a na rantse ba ya yiwuwa, kuma ba tare da wata wahala ba.

Na daina bugawa. Na ciro waya na buɗe kalkuleta, yatsana har yana kuskuren maɓalli. 114 a raba da 76. Ta ba ni 1.5, cif, ba ko ɗigo a baya. Na share na sake ta wata hanya, kamar wanda yake fatan na'ura ta yi masa ƙarya: 76 sau uku, 228, 114 sau biyu, 228. Bugun amada kowanne gida uku yake rabuwa, na amapiano gida biyu. Biyu na wancan da uku na wannan tsawonsu ɗaya, ƙananan bugunsu kuma a kan juna suke sauka. Lambobin da na nuna wa Baba a matsayin shaidar laifi su ne shaidar cewa yaron ya yi daidai. Na gaya masa na'ura ba ta ƙarya, kuma ba ta yi ba. Ni ne ban iya karanta ta ba. Lissafin ɗan aji huɗu na firamare, ni kuma na tura wani ya koyo ƙirga.

Wani zafi ya taso mini daga wuya zuwa kunnuwa. Yaran da aka turo suka kwashe lemon, ɗaya yana tambayata ko da saura a mota, na kasa ba shi amsa. Abin da ke yawo a kaina ba lissafin ba ne, ɗan dakatawar nan ce da na yi don dariya ta gama. Ita ta fi ci mini rai, har yau.

Goggo ta fito shan iska tana haki, ta gan ni tsaye kamar an dasa. Na ce, “Goggo, ba ku ji kiɗan nan biyu suna karo ba?” Ta dube ni sama da ƙasa. “Karo kuma? Kai ɗan nan, ba ka taɓa ganin mata na lugude ba? Kowa da taɓaryarta, turmi ɗaya. Boko dai ya cinye ka.” Ta karɓi ruwa ta koma.

Na so in ce rashin sani ne, don rashin sani yana da sauƙin yafewa. Amma ba shi ba ne. A kantar littattafaina akwai ƙamus ɗin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971, na saye shi, na sha nuna wa baƙi. Na san sunan A. M. Jones, wanda tun 1959 ya rubuta littafi guda yana nuna cewa ɗora uku a kan biyu yana daga cikin ginshiƙan kiɗan Afirka. Na ma san gwajin da Chia-Jung Tsay ta wallafa a 2013, inda waɗanda aka nuna wa bidiyon gasar kiɗa babu sauti suka fi masu jin sautin zalla cankar wanda ya lashe, har da ƙwararrun makaɗa a cikinsu, abin da ke nuna alƙalai da ido suke yanke hukunci suna zaton da kunne ne. Na taɓa kawo wannan a rediyo ina dariyar alƙalan Turai. Kuma tun kafin duk waɗannan, a cikin wannan kiɗa aka goye ni. Duk gidan suna da na taɓa shiga, duk kalangun da na ji a bakin mahauta, wannan tafiyar ce. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa. Nawa ya ɗaure ni ne daidai inda na koyi cewa kiɗan rawa huɗu-huɗu ake ƙirga shi, na ɗauka duk duniya haka ne, har da tsakar gidanmu.

Da na bi abin daki-daki, sai na ga kowane abu da na rubuta a matsayin aibi, gwaninta ce na juya ta baibai. Hannun da na ce yana rawa: tsohuwar ɗauka ce, mata ne suka buga da hannu, ba na'ura ba, saurinta yana ɗan hawa yana ɗan sauka, maɓallin daidaitawa ba zai riƙe ta ba, dole sai da kunne da yatsa, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Wato a duk ɗakin nan shi kaɗai ya yi irin aikin da Grasso ya yi suna da shi, ni kuma mai ambaton Grasso na ba shi 8. Sautin da na ce ba ƙarfi: wanda yake hayar sifika ya san in ta fashe shi zai biya, kuma ya san tsofaffi ba sa zama inda ake dukan kunnensu. Ba na cewa Lamba Huɗu ya yi maguɗi. Aikinsa tsaf yake, bai ci haƙƙin kowa ba. Hanya mai kwalta ya bi, na ba shi ladan tuƙi.

Sai kuma silifas ɗin da salatif ɗin. Da Lamba Huɗu ne ya ɗora 76 a kan 114, da sabuwar kwamfutarsa da Turancinsa, na tabbata da na dakata na ce, bari dai, me yaron nan yake nufi? Da na nemi hikimar da ke ciki, da kuma na same ta, don ba ɓoyayya ba ce. Wanda na raina ban nema masa ba. Kada mai karatu ya yi saurin taɓe baki. In ka taɓa duba takardar jarrabawa, ko ka zauna tantance masu neman aiki, ko aka sa ka raba gardamar 'yan makaranta, ko ka je ganin wanda ya zo neman 'yarka, ka san yadda ake yanke hukunci tun daga takalmi, sannan a bi baya ana tattara hujja. Bambancina da kai, ni an ba ni makirufo.

A ranar wunin nan na jira har aka tashi. Yaron yana naɗe wayoyi a gwiwar hannu na ƙarasa. Ya gan ni, ya saki wayar ya rusuna. “Yallaɓai, ina wuni.” Ba alamar riƙo a fuskarsa, wanda ya ƙara mini nauyi. Na ce masa na zalunce shi, haɗinsa daidai ne, ni ne ban gane ba. Sai kuma, don hali zanen dutse ne, na ciro waya na fara yi masa bayanin uku-bisa-biyu, ina nuna masa 228. Ya leƙa don ladabi. “Wallahi Yallaɓai ban san wannan ba. Ni dai na ji sun shiga juna ne. Tsohuwarmu tana buga ƙwarya a gidan biki, tun ina ƙarami nake riƙe mata.” Na mayar da wayar aljihu.

Na tambaye shi ko maganata ta jawo masa wani abu. Ya yi ɗan jim. Ya ce bidiyon ya zaga a WhatsApp, abokan sana'a suna kiransa Ɗaya-zuwa-huɗu, amma wannan ba komai, wasa ne. Sai dai akwai wani mai ɗakin taro a GRA da ya yi masa alkawarin aikin dina na ƙarshen shekara, da ya ga bidiyon ya ce a dakata tukuna. Irin aikin da zai fitar da shi daga hayar sifika ke nan.

Washegari na kira masu shirya gasar. Suka saurare ni, suka yaba da tawali'una, suka ce kyauta an riga an bayar, ba a karɓo ta, kuma tayar da maganar zai zubar da ƙimar gasar. Na ce to ni zan faɗa da bakina. Na yi bidiyo na minti biyu na sa a Facebook, na yi bayanin kuskurena dalla-dalla. Ba a kalle shi ko kusa da yadda aka kalli na farkon ba. Ban-haƙuri ba ya ba mutane dariya. Na aika wa Hajiya, ta turo amsa: “Ai dama ni na ji daɗinsa, ku kuka ce.” Baba kuwa sai da na nemi gidansa. Na durƙusa na gama jawabina, ya ce, “Ai na faɗa maka, Malam,” ya ci gaba da gyaran tsarkiyar kalangunsa.

Abu ɗaya yaron ya roƙe ni: in yi wa mai ɗakin taron nan saƙon murya da kaina, in ce ni ne alƙalin da ke cikin bidiyon, kuma na janye maganata. Na yi, na ambaci cikakken sunana, na tura. Mutumin ya saurara, ya amsa cikin mutunci, ya ce ya gode ƙwarai da wannan gaskiya, amma ya riga ya ba wani kafin alƙalami.